Wace ciyawa zan dasa a gangaren tankin ruwa? Ƙasa na tafiya kowace damina

Mai Gadin Famfo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ne ke kula da wata ƙaramar tashar tura ruwa ta hukuma, shekarata ta huɗu ke nan a wurin. Aikina injina ne da bututu, ban san komai a kan shuka ba, sai ga shi shuka ta zama abin da ke hana ni barci.

Ga yadda wurin yake. Muna da tanki na kankare, faɗinsa mita 20, tsawonsa mita 20, an turo masa ƙasa ta ɓangare uku ya zama kamar tudu. Tsayin tudun ya kai mita 5, kuma gangaren na da tsauri, duk mita ɗaya da ka sauka ka matsa gaba mita biyu ne kawai. Na auna da tef, fuskar gangaren duka ta kusa murabba'in mita 900. A ƙasa akwai fili shimfiɗaɗɗe kamar murabba'in mita 600, nan ɗakin injina yake da taransifoma da ofishinmu. Ƙasar jan marmara ce gauraye da yashi, in ta bushe ko diga sai ta yi tsalle, in ta jiƙa kuma narkewa take kamar gishiri.

Bara kwazazzabo ya buɗe a kusurwar gabas har ya tono bututun da ke fita daga tanki. Na tsaya a ciki, ya kai min ƙugu. Turakun shinge biyu suna reto a iska. Muka cike da ƙasa tifa uku, ruwan farko na bana ya kwashe ta ya kai bakin ƙofar ɗakin injina, muka yini da shebur.

Yanzu oga ya zo ya gani, ya ce a dasa ciyawa, amma irin koriyar nan mai laushi da ake gani a gaban manyan ofisoshi, wai in baƙi sun zo su ga wuri ya yi kyau. Ni kuma abin da ke damuna, ruwan da za a riƙa ba ta ruwan sha ne da muka tace, wanda unguwanni ke jira kwana biyu kafin ya zo musu. Kunya nake ji a ga muna fesa shi a ciyawa ta bayan waya alhali mutane na wucewa da jarkoki babu ko ɗigo.

Wace ciyawa ce za ta riƙe wannan ƙasar, ta jure rani ba tare da ban ruwa kullum ba, kuma saiwarta ba za ta ɓata mana bututu ba? Wani ya ce min gamba, wani ya ce jema, wani ma ya ce in zuba kankare in huta.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a zo maganar ciyawa, hau saman tankin nan ka duba min abu ɗaya: ina ruwan saman da ya sauka a rufinsa yake bi? Na kusa rantsewa ta kusurwar gabas yake zubowa, ko kuma bututun da ke zubar da rarar ruwa in tanki ya cika nan bakinsa yake. Ruwa ba ya tsami banza. Zaizayar da ruwan sama ke yi a gangare tana cin ko'ina daidai wa daida, ƙananan layuka birjik. In ka ga rami guda ya kai ƙugu a wuri ɗaya, to tara ruwa ake yi ana sako shi a nan.

Yi lissafin da kanka. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Rufinka murabba'in mita 400 ne. In aka yi mamakon milimita 50 cikin dare, lita 20,000 ke nan, kuma kankare ba ya shan ko kofi ɗaya. Duk ka sako wannan ta kusurwa guda a kan ƙasar da aka turo, babu ciyawar da Allah Ya halitta da za ta tsaya masa tana jaririya. Na ga wuraren da aka dasa sau uku ana zagin ciyawa, alhali laifin na bakin bututu ne.

Don haka aikin farko magudana ce ta kankare ko ta dutse da siminti, daga sama har ƙasa, sannan a gindinta a shimfiɗa manyan duwatsu su karya ƙarfin ruwan kafin ya taɓa ƙasa. Ramin kuma kada a sake juye masa tifa a tafi. A cike shi hawa-hawa, kowane hawa kamar taki ɗaya, a yayyafa ruwa a daddaɓe kafin a ƙara. Ƙasar da kuka zuba bara ba ta kama jikin tsohuwar ba, shi ya sa ta tafi gaba ɗaya.

Wanda ya ce ka shafe gangaren duka da kankare, ka gode masa ka wuce. Ƙasar da aka turo tana ci gaba da zama shekara da shekaru, kankaren zai tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya riƙa ci ta ƙarƙashi ba ka gani, sai ranar da faifan ya rufta. Sannan duk ruwan da gangaren ke sha yanzu zai koma gudu zuwa ɗakin injinanka.

Kewayen taransifoma kuwa ba wurin ciyawa ba ne ko kaɗan, kowace iri ce. Tsakuwa ake zubawa, kaurin santimita 10 zuwa 15. Ba don ado aka saba yin haka ba: busasshiyar tsakuwa tana rage haɗarin wuta ta bi ƙafar mutum in layi ya samu matsala, ba ta cin gobara, kuma in mai ya ɗiga za ka gani nan take. Haka ma mita biyu kewaye da ɗakin injina.

A kan ciyawar gangare, ni abin da na fi so a kusa da tanki shi ne gajera wadda zan iya tafiya a kai in ga ƙasa. In tanki ya fara yoyo, alamar farko wani wuri ne da ya yi kore shar ko ya yi danshi a tsakiyar rani. In gafiya ta yi rami, ina so in gan shi a satin da ta yi. Doguwar ciyawa na ɓoye duka biyun. Sauran bayani na bar wa masu shuka, sun fi ni sani.

Uwar Lambu ta amsa:

Baba Injiniya ya gama magana a kan ruwa, ba ni da abin ƙarawa. Ni shekaruna a renon tsirrai na yi su, bari in ɗora daga inda ya tsaya.

Malam, kuskuren tambayarka shi ne "wace ciyawa", kamar guda ɗaya za ta yi duka. Aiki biyu ne a gangaren nan. Akwai rufe fuskar ƙasa don ɗigon ruwa ya daina dukanta, akwai kuma ɗaure ta daga ciki da tare ruwan da ke gangarowa. Ciyawa mai yaɗo ke yin na farko, mai tushe da doguwar saiwa ke yin na biyu.

Mai yaɗon da zan ba ka ita ce kiri-kiri, wadda a littattafai ake kira Cynodon dactylon, Amurkawa kuma na ce mata ciyawar Bamuda. Tana tafiya ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, har ta saƙa tabarma. Tana son rana tsantsa, tana jure taku, tana jure ɗan gishiri. Abin da ya fi dacewa da kai shi ne halinta a rani: in ruwa ya ɗauke sai ta yi ruwan ƙasa kamar ta mutu, alhali barci take, saiwar na nan riƙe da ƙasa, ruwan farko ta farfaɗo. Masu tsara magudanun ciyawa ma suna sa ta a sahun gaba, suna yarda ruwa ya bi ta kanta da gudun da ya kusa mita 2 a daƙiƙa in ta kafu sosai. Aibinta biyu: ba ta yi a inuwa, kuma ba ta san iyaka ba. Za ta shiga tsakuwar da Baba ya ce ka zuba in ba ka yi mata dakali na siminti ba.

Mai ɗaurewa kuma jema ce. Amma a nan a yi hattara, domin suna ɗaya ya rufe 'yan'uwa biyu. Akwai ta Afirka, Chrysopogon nigritanus, wadda ke yin iri mai tsira. Akwai ta kudancin Indiya, Chrysopogon zizanioides, wadda ita ce aka fi amfani da ita a aikin zaizaya, kuma nau'in da ake rabawa ba ya yin iri mai tsira, ba ya yaɗo, inda ka dasa nan zai zauna. Wani masanin aikin gona mai suna John Greenfield ya yi aiki da ita a gonakin rake na tsibirin Fiji tun shekarun 1950, daga baya Bankin Duniya ya yaɗa ta a Indiya a shekarun 1980, Sarki Bhumibol na Tailan kuma ya rungume ta daga 1991. Saiwarta ba ta bazuwa gefe, miƙewa take ƙasa kamar labule, a ƙasa mai kyau tana iya kai mita 3 ko fiye. Siririya ce kamar zare, ba irin saiwar bishiya mai kumbura ta ɗaga kankare ko ta fasa mahaɗar bututu ba.

Ba a watsa jema kamar gero, layi ake yi mata a kwance, a gicciye da gangare, kowane layi a tsayi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka ari tiyon ruwan nan da magina ke daidaita gini da shi, ka kafa turaku ka ja igiya. In layin ya karkata ko kaɗan, ka gina wa ruwa hanya da hannunka. Tsakanin tushe da tushe santimita 10 zuwa 15, kowane dashe da 'ya'ya biyu ko uku, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20. Mutane na ganin wannan matsin kamar ɓarnar iri ce sai su buɗa, nan ne kuma aikin ke lalacewa, domin sai tushen sun haɗe sun zama shinge sannan suke tace ƙasa su bar ruwa ya wuce a hankali. Giɓi ɗaya ya isa ruwa ya taru ya ɓalle ta nan.

A tudunka mai mita 5, in ka yi layi a duk saukar mita ɗaya, layi huɗu zuwa biyar ne, kowanne kamar mita 80. Dashe wajen 3,000 zuwa 4,000 ke nan. Kiri-kiri kuma a tsakankanin layukan.

Yanzu ga inda zan ɓata maka rai kaɗan. Ciyawa mai jure fari ba ta jure fari a watanta na farko. Dole ta sha ruwa kullum sati biyu, sannan bayan kwana biyu ko uku har ta kai wata biyu. Dabarar ita ce ka bar sama ta yi maka ban ruwan: ka dasa bayan damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu, ba a ruwan farko mai yaudara ba, ba kuma a ƙarshe ba. Kuma jan marmarar nan taka babu abinci a cikinta. Ka sassara fuskar da fartanya a kwance, ka sa ruɓaɓɓen taki a cikin ramin dashen kawai, ka rufe tsakanin da buhunan algarara da aka farke ko busasshiyar ciyawa, ka danne da turaku. Wannan rufin ne zai riƙe maka ƙasa kafin ciyawar ta karɓi aiki. Takin zamani da maganin kashe ciyawa kuwa, a tashar ruwan sha ni ba na kai su kusa da murfin tanki ko bakin rijiyar burtsatse.

Tsohon Injiniya ya sake cewa:

Hajiya, ban ƙi jemarki ba, tunda a nan kankare ne ke riƙe ruwa, ƙasar rufi ce kawai. Da madatsar ƙasa ce zalla da sai mun zauna mun yi doguwar magana. Amma ina da sharaɗi. Mita uku na sama kusa da bangon tanki, da gindin gangaren, da kan layin da bututu ya bi, a bar min su da gajera. Ranar da za a tono bututun nan ba na so a tsaya saran shinge. Kuma wa zai riƙa yanke ta? Na san halin ma'aikatunmu, ana samun kuɗin dasawa, ba a samun na kulawa. Jemar da aka bari ta kai mita ɗaya da rabi ɗakin kwanan maciji ce, ga ma'aikaci na zagaye da tocila cikin dare.

Uwar Lambu ta ce:

Na karɓi sharaɗin, Baba. Layi uku a tsakiya ma sun isa, sai dashen ya ragu zuwa wajen 2,000. Yanka kuwa sau biyu ko uku a shekara ne, a mayar da ita tsayin gwiwa, da lauje ko adda, mutum biyu su gama a yini. Yankan ma ƙara mata kauri yake a gindi. Ganyen da aka yanke a shimfiɗa shi a tsakanin layuka ya hana ƙasa bushewa, amma a kwashe na kusa da wayoyin wuta kafin rani ya yi nisa. Injin yankan ciyawa dai kada a hau da shi wannan gangaren, ya yi tsauri, zai iya kifewa da mutum.

Ɗan Kiwo ya shigo:

Ni a kan gamba kawai zan yi magana, tunda ba wanda ya taɓa ta. Malam, wanda ya ba ka wannan shawarar makiyayi ne ko mai saƙar zana. Gamba ciyawa ce ta kirki a wurinta, tana jure fari, saiwarta na da ƙarfi. Amma tushe-tushe take fitowa, tsakaninsu ƙasa tsirara, ruwa sai ya kewaye tushen ya ci abinsa. Tana wuce tsayin mutum, a rani kuma ta bushe ƙayau. Ka tambayi mutanen arewacin Ostareliya: an kai musu ita a shekarun 1930 don kiwo, ta fantsama daji, gobararta ta ninka ta ciyawar ƙasarsu zafi har tana kashe manyan bishiyoyi, a 2012 suka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa. Wannan za ka jera kusa da taransifoma? An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Tofa ma in ta fito da kanta ka tumɓuke ta tun tana ƙarama, in ta kafu sai dai haƙuri. Kuma ka gyara turakun shingen nan kafin ka dasa komai, in ba haka ba dabbobi za su riga ka ganin amfanin aikin.

Mai Lissafi ta rubuta:

Yaya, matsalarka ta gaskiya oga ce, ba ciyawa ba, don haka ga abin da za ka kai masa a takarda. Koriyar ciyawar ado a lokacin zafi tana iya buƙatar milimita 6 a rana. Gangare da fili, murabba'in mita 1,500. Lita 9,000 ke nan kullum, jarka 360 mai lita 25, a wata kuma lita 270,000 na ruwan da aka riga aka kashe alam da kulorin da man janareta a kansa. A gangare ma rabin abin da aka fesa gudu zai yi ya sauko.

Kuma kada ya ɗauka talauci ne ya sa. Hukumar ruwa ta birnin Denba a Amurka ce ta fara tallata tsarin shuka mai tsimin ruwa da sunan xeriscape tun 1981, ta yi lambun gwaji a harabarta. A 2021 jihar Nebada ta yi dokar da za ta hana shayar da ciyawar ado marar amfani da ruwan kogin Kolorado a yankin Las Begas. Masu ruwa ne suka fara da kansu.

Ka ba shi wani abu ya riƙe dai, manya ba sa son a ce musu a'a tsirara. Ware murabba'in mita 40 a gaban ofis, inda baƙon zai sauka daga mota, a yi masa kore. Wannan lita 240 ce a rana. In kuna wanke matatar yashi a tashar, ruwan wankin bayan ya kwanta ya isa wannan da ma renon dashen, sai dai kada a juye lakar alam ɗin a gindin shuka, tana riƙe sinadarin fosfaras ta hana saiwa samu. A shayar da sassafe, a jiƙa sosai sau biyu a sati, ya fi yayyafin kullum da ke koya wa saiwa zama a sama.

Mai Gadin Famfo ya dawo:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba Injiniya, na hau tankin jiya da yamma da bokiti biyu na ruwa na juye a tsakiyar rufin. Duka gabas suka nufa. Ramukan fitar ruwa guda huɗu ne a bangon rufin, uku sun toshe da ƙasa da leda, har wata 'yar bishiya ta tsiro a ɗaya. Shekara huɗu ina wurin nan ban taɓa leƙa su ba, kuma bututun rarar ruwa ma nan kusurwar yake zuba, a kan ƙasa tsirara, dutsen da aka sa masa tun farko ya gangara ƙasa tuntuni. Na buɗe ukun da sandar rodi kafin magariba.

Takardar lissafin na kai wa oga yau da safe. Ya daɗe yana kallon jarka 360 ɗin nan, sannan ya ce murabba'in mita 40 ya yi kaɗan, a mayar 60. Na ce to. Magudanar kuma ya ce in kawo kiyasi.

Hajiya Uwar Lambu, saura tambaya ɗaya. Akwai kiri-kiri da ta fito da kanta a bayan ɗakin injina inda famfo ke ɗiga, ta yi shimfiɗa mai kyau. Zan iya sara daga nan in dasa a gangaren, ko sai na nemo iri? Kuma mai jemar da aka haɗa ni da shi, ta yaya zan gane wacce daga cikin biyun yake sayarwa?

Uwar Lambu ta ce:

Sara daga nan, ta ma fi, ta riga ta saba da ƙasarku. Ka yanko ta guntu-guntu kamar tafin hannu da ƙasarta, ka dasa a tazarar taki ɗaya, ka taka da ƙafa ta zauna. Kada ka kwashe duka, bar rabi ya sake rufewa ka samu na cike giɓi.

Jema kuwa da ido a ganye da wuya ka raba su. Je ka inda ya dasa uwar, ka duba ƙasan kewaye da ita. In ka ga ƙananan tsirrai sun fito nesa da layi inda ba wanda ya dasa, mai iri ce. In layin na nan tsaf shekara da shekaru babu ɗa ko ɗaya a gefe, ita ce kake nema. Ka tono tushe ɗaya ka murza saiwar ka shinshina, ta Indiya ƙamshinta ya fi ƙarfi. Kuma kada ka karɓi dashen da ya kwana uku a rana cikin buhu. Ranar da za a tono maka, ramukanka su kasance a shirye.